Ƙarfen da Na Ƙera wa Ƙafar Agali

Ku ɗiyana, da jikokin da suka fara wayo, bari in gyara muku wata magana tun hannuna yana iya riƙe biro. Na san abin da kuke ji a gari. Wasu na cewa korata aka yi daga kujerar konseye, wato kansila, don na ci amanar jam'iyya. Wasu kuma na cewa ni ne jarumin da ya ɗaga hannu har aka binciki tsohon magajin gari. Duka biyun ba haka ba ne, ta biyun ma ta fi ba ni haushi. Ni Ilu maƙeri ne ɗan maƙeri, ban taɓa zama jarumi ba, kuma abin da ya tsaya mini a wuya a waccan shekara ba kujera ba ce. Abokin wasana ne, Agali.

Ku da kuka tashi da salula a hannu ba ku san nauyin wasan maƙera da Buzaye ba. Tun kakanni haka muka tarar: Buzu ya zagi maƙeri, maƙeri ya rama, ba fushi, ba kai ƙara. Agali makiyayi ne, dogo, da amawali ya rufe masa baki, kuma tun muna samari duk ranar kasuwa sai ya ɗaure raƙuminsa a jikin rumfata, da gangan, don ya yi mini kashi a bakin maƙera. Tun daga nesa zai ɗaga murya.

"Kai, ɗan gawayi! Har yau wuta ba ta gaji da ganin fuskar nan taka ba?"

"Sannu, mai ɓoyon baki," in ce masa. "Kwance mu gani, cukun wa ka sato ka cusa a ciki?"

Sai ya zauna a kan buzuna ya shanye shayina, ya ce ba sukari, ni kuma in cinye cukun da ya kawo in ce ya yi tsami. Mun yi haka a kasuwarmu, mun yi a Kanan-Bakashe, har a Tasawa mun taɓa tara mutane suna tsammanin faɗa ne. Uwarku Tasalla takan ce da Buzun nan mace ne da tuni na sake ta na auro shi.

To, sai aka shiga shekarun da ɓarayin shanu suka addabe mu. Mutum ya wayi gari turke wayam. Magajin garinmu na lokacin, wanda muke kira Mai Tabarau don ko a inuwa ba ya cire baƙin gilashinsa, ya kafa abin da ya kira kwamitin tsaro, ya ɗora wani Labo a kai. Suka shuka 'yan rahoto a kowace kasuwa, muna ce musu kunnuwa: mai shayi, mai moton haya, dillalin awaki, ba ka san wane ne ba. A bayan meri, wato ma'aikatar magajin gari, akwai wani ɗaki da ake ajiye irin shuka. In kunne ya kai sunanka, sai a zo da moto a ɗauke ka a ce tambayoyi kaɗan za a yi maka, a kai ka ɗakin iri. Ba zan yi muku ƙarya ba, sata ta ragu, kuma mun yi tafi. Ni ma na yi.

Wata hantsi ina tsakiyar dukan hauya sai ga Labo.

"Sarkin aiki, mari nike so, guda huɗu, masu makulli," in ji shi. "Na raƙuman da ake kamawa cikin gonaki ne. Ga awo."

Ya miƙo mini wata igiyar kaba da aka ƙulla kamar zobe. Mari, in ba ku sani ba, ƙarfe ne da ake ɗaure ƙafa da shi. Yanzu ku faɗa mini, wa ya taɓa ganin an yi wa raƙumi dabaibayin ƙarfe a ƙasar nan? Igiya ake sa masa. Da Labo ya juya baya na zura igiyar nan a idon sawuna, sai ta zauna daram. Na sani ke nan. Kada wani ya zo bayan raina ya ce muku ruɗina aka yi. Na ce wa zuciyata ai ɓarayi ne, su suka jawo wa kansu. Akwai kuma wata gaskiyar da ta fi wannan kunya: tun zamanin kakanmu ba wanda ya sake ƙera mari a gidanmu, ina so in ga ko hannuna zai iya. Ya iya, kai, ya iya ƙwarai. Da na gama, ƙarfen na da sauran ja, sai na ɗauki kurfi na buga alamar gidanmu, zane uku kamar sawun zabo, yadda nake bugawa a kowace hauya da kowane gatari tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Hannu ya riga hankali, sai da suka huce na lura.

Bayan wata biyu na ji an kama Agali. Wani kunne ne ya ce ya gan shi yana shan shayi da baƙi a bakin rijiya. Kwana tara ya yi a ɗakin iri, ana tsayar da shi a rana, ana tambayarsa shanun da bai taɓa gani ba. Daga baya aka gano shanun can wajen wasu mutane daban, aka buɗe masa ƙofa aka ce ya yi haƙuri. Ranar kasuwar da ta biyo na tanadi shayi mai sukari da zagi mai kyau, ina jira. Ya iso yana ɗingishi. Ya ɗaure raƙuminsa can nesa, a inda kowa ke ɗaurewa. Ya zo ya tsaya a bakin rumfa, ya ɗan rusuna.

"Ina kwana, Malam Ilu. Ina gajiya? Yaya iyali?"

Malam Ilu! Wallahi da ya zare takobi ya sare ni da ya fi mini sauƙi. Na amsa da lafiya lau, ya ce madalla, ya wuce. Mutumin da ya yi kwana tara yana kallon idon sawunsa ba sai an karanta masa sawun zabo ba. Haka muka yi shekara huɗu, duk mako sai ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi iyali, ya wuce. Mutane na cewa kai, wahala ta gyara Buzun nan, ya yi hankali. Ni kaɗai na san abin da ake yi mini.

Da zaɓe ya zo, jam'iyyar adawa ta nemi wanda manoma suka sani, wa ya fi mai ƙera musu hauya? Aka sa ni a jerin 'yan takara. Ku tambayi waɗanda suka ga kampanye, ba wanda ya kai ni ihun "A bincika! A buɗe ɗakin iri!" Ina hawa amalanke ina faɗa har muryata ta dushe. A zatona magana ce ta kampanye, in an ci zaɓe za ta bi iska kamar sauran. Uwarku tana kallona tana tankaɗe, wata rana ta ce,

"Malam, ka rage murya mana. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Na ce mata siyasa ba tuwo ba ce da za ta koya mini. Muka ci zaɓe. Sai Allah ya haɗa mu da sabon magajin gari, Mushe Salisu, tsohon malamin lakkol, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, irin mutanen nan da in sun faɗi magana sai sun cika ta. A zamanmu na farko ya ɗora makullin ɗakin iri a kan tebur ya ce an yi wa jama'a alkawarin anket, wato bincike, kuma bayan girbi konseye za su kaɗa ƙuri'a a kai. Na kawar da idona daga makullin.

Damina guda gari bai yi wata hira ba sai wannan. Aka rabu biyu, 'yan a tona da 'yan a binne, kuma rabuwar ba ta bi jam'iyya ba, har cikin gida ɗaya ta shiga. A majalisa Alhaji Nahantsi, dillalin shanu, shi ne bakin 'yan a binne, kuma kada ku ɗauka sakarai ne.

"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba," in ji shi. "Ku da ke zaune nan, shanun wa suka kwana lafiya ba don ɗakin nan ba? Kun sha nono, yanzu kuna tambayar yadda aka tatso. In kuka karanta sunayen kunnuwa, aure nawa za ya mutu a garin ga? Kuma ku sani, yau ku ke tono, gobe ku za a tona."

Hajiya Ladi, mai sayar da fura, mace ɗaya tilo a cikinmu, ba ta bari ya zauna ba.

"To a tona mu mana, Alhaji, mi muka binne? Ɗan ƙanwata ya fito ɗakin nan kunne guda ba ya ji, akuya ma bai taɓa sata ba. Ga makulli nan bisa tebur. In ba mu tambayi abin da aka yi da shi ba, ranar da aka sace saniyar ɗayanmu mu da kanmu za mu ɗauke shi."

Ni kuwa, sarkin ihun kampanye, duk zaman da aka yi sai tari ya kama ni. Mushe Salisu har ya ba ni shawarar in je likita. A gida ma ba sauƙi. Yayana Nomau, Sarkin Maƙera, ya kira ni zaure ya ce maƙeri wuƙa yake ƙerawa, ba shi ke yanka ba, don haka in rufe bakina in bi 'yan a binne. Ban taɓa gaya masa komai ba, amma daga yadda ya kawar da kai na gane ya sani.

Saura mako guda a kaɗa ƙuri'a sai ga Labo da rana tsaka, da buhu a kafaɗa. Ya jira masu jiran aiki suka watse, ya zazzage buhun a gabana. Ga ɗaya daga cikin marin nan, ko tsatsa bai yi ba. Abin haushi, wallahi sai da na ji wani ɗan daɗi a raina ganin yadda ɗinkin ƙarfen ya riƙe.

"Konseye, na kawo maka ɗanka ka gani," in ji shi. "Ukun suna wurina. In aka ce a tona, su za su fara ba da shaida, ni sai in bi baya."

Na ɗaga masaba kamar in rotsa masa kai, na ajiye. Ya mayar da kayansa cikin buhu, har da yi mini sai an jima.

Washegari kasuwa ce. Na ce bari in gwada sa'ata sau ɗaya. Da na hango Agali na miƙe tsaye na buɗe murya yadda na saba a da.

"Kai, mai ɓoyon baki! Raƙumin nan naka ne ko kai ne nashi? Na ga ya fi ka kyau!"

Kasuwa ta juyo ana murmushi, ana jiran ramuwa. Ya tsaya, ya dube ni, ya sa hannu a ƙirji.

"Gaskiyarka, ranka ya daɗe konseye. Allah ya ƙara girma."

Na koma gida ko tuwo ban iya ci ba. Tasalla ta ɗauke kwanon, ta zauna a kan turmi ta fuskance ni. Shekara talatin da aure ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin ta ranar ba.

"Malam, wa kake ɓoye wa? Ni na wanke rigar da ka yi aikin nan da ita. Yaya Nomau ya sani. Mai ƙafar ya sani tun kwanan farko. Labo kaɗai ke tsammanin asiri ne, sai kai. Kujerar ga da ka hau, mi ta ƙara muna in ban da baƙi masu cinye hura? Amma mutumin nan shekara huɗu yana maka jana'iza duk mako, kai kuma kana amsawa da lafiya lau."

Na ce mata ta yi mini shiru. Ta ce ai ta gama.

Ranar ƙuri'a meri ta cika har tagogi. Mu goma sha uku ne. Mushe Salisu ya ce masu son bincike su ɗaga hannu, hannu takwas suka tashi, nawa a ciki. Kun ga ke nan ko ban ɗaga ba an ci, don haka masu cewa hannuna ne ya yanke hukunci su nemi wani labari. Abin da na yi shi ne, da kowa ya sauke hannu ni na bar nawa a sama. Mushe Salisu ya ce, konseye Ilu, an gama ƙirga. Na ce na sani. Na miƙe, na hango Labo a taga da buhunsa.

"Jama'a, kafin a kafa kwamiti ina da mutum na farko da za a tambaya," na ce. "Marin da ke ɗakin iri ni na ƙera su. An ce mini na raƙuma ne, na auna a ƙafata na san ba na raƙuma ba ne, kuma na ƙera. Labo, shigo da buhun, kada ka gaji da riƙo."

 Can Alhaji Nahantsi ya tafa hannu ya ce, "La ilaha illallahu! Shekara guda muna neman mai tonawa, ashe ga wanda ya tona kansa." Aka fashe da dariya, har Hajiya Ladi. Labo dai bai shigo ba, ya bar buhun a gindin taga ya sulale.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Manyan jam'iyya suka ce na zubar musu da mutunci, 'yan adawa sun samu abin waƙa, gara in sauka da kaina. Na sauka, ban yi gardama ba. Wanda ya yi mini ciwo shi ne na gida. Yaya Nomau ya tara maƙera, ya karɓe kurfin alama daga hannuna, ya ce sawun zabo ya kai shekara ɗari yana shiga gonaki da mutunci, ni na kai shi ɗakin iri sannan na kai shi bakin duniya. Damina biyu bai yi mini magana ba. Shi ya sa duk hauyar da na ƙera tun daga ranar ba ta da alama, kuma shi ya sa sarautar maƙera ta wuce ɗakinmu ta koma ɗakin ƙanena. Wannan gadonku ne na taɓa, ku yafe mini.

Binciken kansa kuwa, kada ku zaci wani abin kirki ya haifar da yawa. Aka zaɓi dattawa biyar da liman su saurari mutane. Aka yi sulhu da 'yan a binne cewa ba za a karanta sunayen kunnuwa a fili ba, kuma yau ina ganin Alhaji Nahantsi ya yi gaskiya a nan. Mai Tabarau ya aiko da takarda daga birni cewa bai san abin da ake yi a bayan ofishinsa ba. Aka rubuta rahoto aka aika sama, har yau ana jiran amsa. Amma an cire ƙofar ɗakin iri ɗungurungum, kuma mutum goma sha ɗaya sun zauna a gindin bedi, itacen dogon yaro da ke gaban meri, sun faɗi abin da aka yi musu, gari na ji. Wasu a cikinsu ɓarayi ne na gaske, sun ce sun yi sata, kuma su ma an saurare su.

Agali ne na ƙarshe. Aka shimfiɗa marin nan huɗu a kan tabarma, ni ina zaune gefe a inda aka ajiye ni, kusa da Labo. Ya zo da sanda, ya zauna da ƙyar. Ya faɗi kwanakinsa tara ɗaya bayan ɗaya, ba ƙari, ba ɗaga murya. Ya janye wandonsa ya nuna idon sawu, zobe biyu farare, tsokar ta lotsa. Mata suka yi salati. Liman ya tambaye shi ko yana da abin da zai ce game da wanda ya ƙera ƙarfen. Na sunkuyar da kai, na ce yau zan sha Malam Ilu a gaban duniya.

 Sai ya sa hannu ya sauke amawalinsa ƙasa da haɓa, abin da ban taɓa gani ba a shekara arba'in.

"Liman, ina da ƙara," in ji shi. "Ɗan gawayin ga ya yi mini wuƙa, ta karye a cikin cuku. Ya yi mini linzami, raƙumi ya tauna ya haɗiye. Duk rayuwarsa sau ɗaya tak ya yi aiki mai kyau, shi ma a ƙafata ya yi shi. Kwana tara ina dukan abin ga da dutse, ko gezau!"

Gindin bedi ya ɗauki dariya, irin wadda mutane ke yi suna share ido. Shi bai yi ba. Ya juyo ya kafe ni da ido, yana jira, don a al'ada in an zage ka sai ka rama, in ba ka rama ba wasa bai ƙullu ba. 

"Rama mana, munafuki! Tsufa nike, ba ni da wata shekara huɗun."

Ni da ban taɓa rasa amsa ba, na buɗe baki, sai kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni, da gemu, a gaban matan gari da uwarku.

"Kun gani ko?" ya ce da jama'a. "Ko kukan ma bai iya ba." Sai ya miƙo mini hannu. "Taso ka ɗaga ni. Ƙafar da ka gyara ba ta tashi da kanta."

Na taso na kama shi. Bai da nauyi ko kaɗan. Muka ratsa taron a hankali, yana dafe da kafaɗata yana ɗingishi, yana gaya wa duk wanda muka wuce cewa ya yi sabon jaki.